Daga Omdurman zuwa Wad Madani da tsohuwar jita

A watan Janairun 2022, ina karatu a Khartum, abokina haifaffen Omdurman ya nemi in raka shi Wad Madani. Kakanninsa mutanen ƙasar Katsina ne da suka taso aikin Hajji a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Abin da zai kai shi Madani jitar marigayi mahaifinsa ce. Mahaifin ya yi kiɗan biki a shekarun 1970, zamanin da salon da 'yan Sudan ke kira jaz ya cika gari, mawaƙi Sharhabil Ahmed yana kan ganiyarsa. Jitar ƙirar Jamus ce, mai rami a ciki, tsakiyarta ruwan ɗorawa, gefenta ya yi duhu. Ƙusar da aka rataye ta ce ta zare daga bango, ta faɗo, fentin ƙasanta ya ɓantare har ana ganin farin katako. Akwai masu gyara a Omdurman, amma Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce tun mijinta na raye mutum ɗaya ne ke taɓa ta, kuma yana Madani.

Mun fita ana idar da sallar asuba, domin a watannin nan duk ranar da aka kira zanga-zanga akan rufe gadoji, mutum ya maƙale a tsallaken kogi har dare. A tashar Mina al-Barri yaron mota ya so ya cusa jitar cikin ramin kaya na ƙarƙashin bas. Abokina ya ƙi, ya yanki tikitin kujera guda saboda ita. Na goyi bayansa. Ramin kaya zafi ne da girgiza, abin da ya riga ya tsage kuwa ba ya son ko ɗaya daga cikinsu.

Tsakanin Khartum da Madani kusan kilomita 190 ne, hanyar tana bin gaɓar Shuɗin Nilu ta yamma. Da aka wuce Kamlin sai ƙasa ta sauya. Gonakin Jazira ke nan, shimfiɗe ba tudu ba kwari, alkamar rani ta yi kore shar, magudanan ruwa sun miƙe ɗoɗar har inda ido ya gaza. Tun 1925 da aka gama madatsar ruwan Sinnar ake shayar da wannan fili, kuma duk wanda zai ba da tarihinsa da gaskiya dole ya ambaci mutanenmu. Su ne suka daɗe suna tsinkar auduga da noman ƙodago a nan, da yawansu har yau suna zaune a ƙananan unguwannin bayan gari da ake kira kambo. Wata tsohuwa a kujerar bayanmu ta ji muna Hausa, ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ɗana, daga wace ƙasa?" Na ce Kano. Ta ce kakarta 'yar Haɗeja ce, ita kuwa ko Gadarif ba ta taɓa wucewa ba. Hausarta tsaf, sai dai ƙirga da take yi da Larabci. A Hasahisa ta sauka, ta bar mana ƙullin soyayyar gyaɗa.

Raksha ce ta kai mu unguwar, wato abin da muke kira Keke Napep. Shagon rumfar kwano ce jingine da gida, cike da ƙafafun gado, ƙofofin kabad da molon Larabawa guda biyu da aka kife a kan bargo. Mai shagon dattijo ne siriri, yatsunsa sun rine da ja. Da abokina ya faɗi sunan mahaifinsa, sai ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya yi wa mamacin addu'a, ya tambayi Hajiya da yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da muka sha jabana, wato gahawar Sudan, mai citta aka buɗe jakar.

Bai fara da ɓantarar ba. Ya fita da jitar bakin ƙofa, ya karkata ta a hasken rana, yana juya ta a hankali. A nan na ga abin da ban lura da shi a ɗaki ba: fuskar jitar duk siraran tsaga ne, bayanta da wani farin dusashe, wuyanta kuma da wani tabo mai danƙo.

"Baba, ina son a kankare ta duka a sake fesa ta, ta dawo sabuwa," in ji abokina.

"Ɗana, bari mu fara sanin abin da ke jikinta."

Ya kwance ɗaya daga cikin maɗauran tsirkiya, inda ba mai gani, ya ɗiga sabarto, wato sifirit, a wurin da auduga. Ba abin da ya faru. Ya ce to ba jamalakka ba ce, don ita da ta ji sabarto take narkewa. Jamalakka ita ce ƙaron nan da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwan Indiya da Tailan, ana jiƙa shi a shafa wa katako da ƙunshin tsumma, kuma da ita ya koyi sana'a yana yaro a wajen masu goge kujeru. Sai ya ɗauko maganin goge jan farce na mata, ya ɗiga ɗan kaɗan. Nan take wurin ya yi laushi, audugar ta kama. Ya ce, "Duko ne."

Duko shi ne fentin naitiroselulos da kamfanin DuPont ya fitar don motoci a farkon shekarun 1920, masu ƙera kayan kiɗa suka ɗauka saboda siriri ne kuma yana bushewa da wuri. Kamfanin ƙera jita na Fender ya bar shi ya koma fentin roba mai tauri a ƙarshen shekarun 1960, Gibson kuwa har yau da shi yake aiki. Baba bai damu da sunayen kamfanoni ba, amma halin fentin ya san shi ciki da bai. Ya ce mun yi sa'a, domin duko ko ya shekara hamsin, in aka ɗiga masa sabo sai ya narke su haɗe su zama jiki ɗaya, ba a ganin iyaka. Fentin roba na sababbin jita ba ya narkewa. Shi sai dai a cike ramin da sufa gulu a goge, kuma mai ido zai ga zoben gyaran har abada.

Daga nan ya bi ciwon ɗaya bayan ɗaya. Siraran tsagar, ya ce, aikin zafi da sanyi ne: katako na buɗewa yana tsukewa, tsohon fenti ya bushe ba ya iya bin sa, sai ya tsage. Fitar da jita daga ɗaki mai sanyi zuwa ranar Khartum kaɗai ya isa. Farin dusashen danshi ne ya shiga ƙarƙashin fentin. Ya tambaya ko kusa da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa aka rataye ta, abokina ya ce ƙarƙashinta ma take. Tabon wuya kuwa maratayin roba ne ya kwanta a wurin shekara da shekaru, man da ke cikin robar ya cinye fentin.

Sai ya dawo kan batun kankarewa. Ya ce tsagar nan ba ta kai katako ba, ba ta cutar da komai, shi ba zai taɓa ta ba. In aka kankare fuskar jita, dole sanfefa ta ci katakon da ke ba da amo, a kuma ɗora fenti mai kauri ya danne shi. Ya nuna wani wuri a saman jitar inda launi ya koɗe ya ce, "Nan hannun mahaifinka ya kwanta. In kana so in share shi, ka kai wa wani." Abokina bai ƙara cewa komai ba. Ni dai na ga gaskiyar dattijon, domin na sha ganin yadda a gida ake kai tsohon abu wajen mai fenti ya dawo yana walƙiya amma ya tashi daga abin da aka sani. Gyaran da ya kamata shi ne na inda katako ya fito fili, tunda ta nan gumi da ƙura za su shiga.

A gabanmu ya fara. Ya share ramin da ɗan tsumma, ya ɗaga ɓarɓashin da ke lilo da bakin reza. Inda katakon ya lotsa, ya ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ya taɓa shi da kan ƙarfe mai zafi, tururi ya kumbura zaren katakon ya taso. Ya ce wannan dabarar tana ci ne in katakon lotsawa ya yi, in ya yanke ba ta aiki. Da wurin ya bushe ya shafa jamalakka siririya ta toshe ƙofofin katakon. Haɗa launi ne ya fi cin lokaci. Ya gwada a guntun katako, ya kai rana, ya dawo ya ƙara ja, ya sake fita. Tsohon duko yana komawa rawaya da shekaru, saboda haka wanda ya haɗa launin ranar da aka ƙera jitar zai ga gyaransa ya fita daban. Sannan ya zuba duko marar launi a murfin kwalba ya bar shi a buɗe har ya yi kauri kamar zuma, ya ɗebo da tsinken sakace ya ɗiga ɗigo ɗaya cikin ramin. Ya kife kwali a kai saboda ƙura, ya ce aikin yau ya ƙare.

Abokina ya yi mamaki. Baba ya bayyana masa cewa yawancin ɗigon tina ne, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, zai tashi ya bi iska, abin da zai saura kaɗan ne. Gobe a ƙara, jibi a ƙara, har ya ɗan haura bakin ramin, sannan a bar shi kusan wata guda ya gama tsukewa. Wanda ya goge da wuri zai ga wurin ya yi sumul, bayan mako biyu ya tarar ya lotsa. "Sauri ya haifi nawa," in ji shi. Ya ƙara da cewa lokacin sanyi muka zo, iska a bushe, shi ne lokacin aikin. Da damina danshi kan shiga fenti tun yana ɗanye ya mayar da shi fari.

Tunda jira ya kama mu, muka wuce kudu. Mun tsaya a Sinnar muka ga madatsar, doguwar katangar dutse da ta tare kogin, daga nan muka shiga Mai Wurno, wadda ba ta da nisa. Garin Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya; shi Mai Wurnon ne ya ja ragowar jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Na karanta wannan tarihi a makaranta, amma jin yara suna faɗa da Hausa da Fillanci a bakin Nilu wani abu ne daban. Da daddare muka ci agashe a bakin titi, naman da aka barbaɗe da ƙuli da yaji, wanda duk Sudan ta san sana'ar mutanenmu ce. Wanda ya sauke mu ya yi ta ba mu labarin A'isha Falatiya, 'yar malamin Bahaushe da ta shiga gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940 lokacin da mace ba ta waƙa a fili, 'yar'uwarta na kaɗa mata molo. Ya ce duk mai cewa Bahaushen Sudan noma da dako kawai ya iya bai san tarihin waƙar ƙasar ba.

A hanyar komawa muka sake biyawa shagon. Ɗigon ya hau, farin dusashen baya kuma ya ɓace. Ya fesa masa tina mai jinkirin bushewa sama-sama, fentin ya yi laushi ya saki danshin. Don kada mu tafi ba mu ga ƙarshen aikin ba, ya sa jikansa ya ɗauko wata jitar da ta gama bushewa. Ya naɗe gefe biyu na reza da salatif ya bar tsakiya, yadda bakin ba zai taɓa lafiyayyen fenti ba sai tudun kaɗai. Ya ja ta a tsaye, farin gari yana tashi, har tudun ya kwanta. Sai sanfefa, daga lamba 800 zuwa 1000, 1500, 2000, kowace tana share zanen wadda ta gabace ta. A kan tsohuwar jita mai tsaga ba ya jiƙa sanfefa da ruwa, don ruwan kan bi tsagar ya kumbura katako ya ɗaga fenti, sai ya ɗan taɓa ta da kananzir. Daga ƙarshe ya goge da man goge mota da tsohuwar riga ta auduga. Na sa yatsa na nemi wurin ban same shi ba. Yaron, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, shi ya yi sanfefar ƙarshe, kakan yana tsaye a kansa yana cewa, "Sassauta hannu."

Kan kuɗin aiki an ɗan ja. Baba ya ce a biya kuɗin duko da tina kawai, abokina ya rantse ba zai yiwu ba, aka tsaya a tsakiya. Muka bar jitar muka kama hanyar Khartum da yamma.

Gab da azumi jikan ya kawo ta Omdurman da kansa, shi ma a kan kujera. Ɓantarar ta cike, sai an karkata jitar a rana ake ganin inda launin ya ɗan fi duhu. Tsagar fuskar na nan yadda take, haka ma wurin da ya koɗe. A cikin jakar akwai takarda da ajami: kada a rataye ta kusa da na'urar sanyi, kada a bar ta a mota, kada turaren fesawa ko maganin sauro su taɓa ta, kada a goge ta da man kujeru na gwangwani, a sauya maratayin roba da na fata ko na saƙa. Hajiya ta sa aka karanta mata sau biyu, sannan ta aiki ƙanin abokina kasuwar Omdurman wajen dukawa ya yanko maratayin fata.