Kar ku dirje tsohuwar dala don neman harafi

Ƙannena masu sha'awar tara tsoffin kuɗin azurfa, bari in ba ku labarin yadda na lalata wata dala da hannuna. Dalar Amurka ce irin wadda ake kira Morgan, ta 1889, ta sha hannu har gashin matar da ke jikinta ya shafe ya yi sumul. Da na juya bayanta sai na ga kamar wani ɗan tudu a ƙarƙashin ganyen da ya kewaye mikiya, saman D da O na DOLLAR, wato daidai inda ake sa harafin gidan da ya buga kuɗin. Nan take zuciya ta raya min CC ne, na Carson City, don na san a 1889 guda 350,000 kacal suka buga. Ai kuwa na ɗauko man goge baki da buroshi na hau dirza wai don harafi ya fito. Ya fito ɗin kuwa, O ne na New Orleans, wanda aka buga miliyoyi, ga shi na cika mata fuska da ƙananan karce, ta yi wani irin ƙyalli na banza wanda duk mai ido yana gani zai ce an wanke ta.

Abin haushin ma, baƙin da ya taru a gefen harafin shi ne yake fito da siffarsa, ni kuma shi na kankare.

Yanzu abin da nake yi, in kashe fitilar ɗaki, in riƙe kuɗin ta baki-baki, in haska tocila daga gefe ƙasa-ƙasa, sannan in riƙa juya shi a hankali ina kallo da gilashin nan mai ƙara girma sau 10. Inuwa ce ke nuna maka abin, O ko ya shafe za ka ga ramin tsakiyarsa guda ɗaya, CC kuwa tudu biyu ne a jere, S na San Francisco kuma yakan dunƙule amma lanƙwasar tana nan. Hasken da ya faɗo daga sama kai tsaye ruɗa ka kawai zai yi.

Kuma ku riƙa duba shekara kafin ku yarda da idonku, don ido yana ganin abin da rai ke so ne. Carson City ba su buga Morgan ba daga 1886 zuwa 1888, D na Denver kuma, a cikin tsoffin Morgan, sai a 1921 kaɗai. In babu harafi, mai yiwuwa Philadelphia ce, ita ba ta sa komai a lokacin, amma fa ka tabbata wurin da ya dace ka duba, don rabin dalar Walking Liberty ta 1916 a gaba harafinta yake, a cikin 1917 aka mayar da shi baya.

Sai kuma 'yan damfara. Ƙaramar dime (tsabar centi goma) ta 1916 mai D, wadda guda 264,000 aka buga, ana liƙa mata D na ƙarya sosai. In ka ga ko'ina ya shafe amma harafi yana tsaye cak kamar jiya aka buga shi, ko launin gefensa ya bambanta da sauran jikin, mayar da kuɗinka aljihu.