Daga Fulorans zuwa gidan Bespa, ta cikin gonakin inabi

Mahaifinmu ya sayi Vespa da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, a 1975, shuɗiya, ƙirar 150 Super, kuma a kanta na fara shan iskar titi: ina tsaye tsakanin ƙafafunsa, na ƙanƙame kan babur, hannun babbar rigarsa yana kaɗa mini a kunne. Mu Bespa muke ce mata. Shekarata shida ina aiki a Fulorans ta ƙasar Italiya ban san gidan da ya haife ta yana nan kusa ba, a garin Pontedera, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta babban titin Pisa. Wani abokin aikina ɗan Maraɗi, wanda ya girme ni nake kiransa Yaya, shi ya gaya mini cewa kamfanin Piaggio mai ƙera ta yana da gidan tarihi a can cike da tsofaffin babura.

Na ce mu bi babban titi mu isa da hantsi. Ya ce, “Ƙanena, wannan titin na manyan motoci ne. Mai babur ta Chianti yake bi.” Chianti yankin gonakin inabi ne a kudu da Fulorans. Na duba taswira na ga kusan kilomita 150, na raba da saba'in a kaina, na ce awa biyu da 'yan kai, ba komai. Kuskurena na farko ke nan.

Mun tashi ranar wata Laraba a ƙarshen Satumba, ni a kan tsohuwar Honda, shi a gaba. Hanyar ita ce mai lamba 222, wadda ta haɗa Fulorans da Siena. Da fita gari kaɗan sai tuddai, kowane tudu an tsaga shi layi-layi da kuringar inabi kamar kitson da aka yi da ma'auni, tsakani kuma ga zaitun, ga wasu dogayen itatuwa sirara tsaye a bakin gidajen dutse. Ko'ina ka waiga akwai allo mai hoton baƙin zakara, tambarin giyar inabin yankin, wadda suke alfahari cewa tun 1716 mai mulkin Tuskani na lokacin, Cosimo na uku, ya shata mata iyaka. Yaya ya ce mu da wannan ƙasa ba mu da haɗi sai ta giya, su tasu ta kwalba, mu tamu ta ƙafar hagu. Kuma gaskiyarsa, ban taɓa canza giya a rana ɗaya kamar ranar ba. Kwana na bin kwana, da wuya ka sa ta huɗu.

A Greve muka ci abinci, a dandalin nan mai kusurwa uku. A nan Musulmi sai ya buɗe ido, don abin da garin ke tinƙaho da shi naman alade ne, na gida da na daji, har da kan gadu a ƙofar wani shago. Mun tsaya a kan burodi da cukun tumaki da man zaitun. Burodin Tuskani ba a sa masa gishiri, lami ne salam, amma da ya haɗu da cukun sai ka gane dalili.

Bayan Panzano ne abin ya faru. Na ga rana ta yi sama, na ga ko rabin tafiya ba mu yi ba, sai na wuce Yaya na murɗa totur. Lokacin girbi ne, taraktoci suna ta jan tireloli shaƙe da inabi daga gona zuwa wurin matsa, ruwan yana ɗiga a kwalta. Na shiga wata kwana ta dama a gangare, na hango wani baƙin danshi da bawon inabi a tsakiyar layina, sai hannuna ya yi abin da na san bai kamata ba: na damƙe birkin gaba ina kwance a cikin kwana. Tayar gaba ta zame kamar an janye tabarma. Allah ya taƙaita, gudun bai kai arba'in ba kuma babu mota a baya. Madubi ya fashe, hannun birki ya lanƙwashe, wandona ya yage a gwiwa. Safar hannu ta fata da Yaya ya tilasta mini sawa da safe, ina ƙorafin zafi, ita ta ci kwaltar a madadin tafin hannuna.

Wani dattijo ya fito daga cikin kuringa da almakashin girbi a hannu. Ya kama muka ɗaga babur, ya je tarakta ya ɗauko guntun bututun ƙarfe, ya zura a hannun birkin ya miƙe shi a hankali yana cewa “piano, piano”, wato sannu-sannu, ban sani ba ko da ƙarfen yake ko da ni. Ya yi mini tayin kofi ɗaya na abin gonarsa don hankalina ya dawo. Na dafa ƙirji na ce addinina ya hana. Bai ji haushi ba, ya juya ya yanko nonon inabi guda ya ɗora mini a hular kwano. Sangiovese sunansa, ƙanana ne baƙaƙe, masu 'ya'ya a ciki, zaƙi da tsami a haɗe, ba irin na kanti ba. Yaya bai ce uffan ba sai da muka yi azahar da la'asar a gindin wani zaitun, sannan ya ce, “Birki kafin kwana ake taka shi. In ka shiga, ido a mafita.” Daga nan na koma bayansa, kuma duk inda na ga tarakta ta fito daga gona sai na sassauta tun daga nesa.

Castellina, Poggibonsi, Colle, sai Volterra a kan tsauninta, duk mun wuce ba tsayawa. Muka gangara kwarin kogin Era muka shiga Pontedera da almuru, an daɗe da rufe ƙofa. Awa biyun nan tawa ta zama wuni guda da kuɗin ɗakin kwana.

Da safe muka shiga. Gidan tarihin yana cikin wani sashe na tsohuwar masana'antar, an buɗe shi a 2000. Tun daga ƙofa za ka gane Piaggio ba da babur ya fara ba, don taragon jirgin ƙasa da ƙaramin jirgin sama ne ke tarbar ka. Jiragen yaƙi ake ƙerawa a nan har aka ragargaza wurin da bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya nemi abin hawa mai araha. Gwajin farko, wanda ake wa laƙabi da Paperino, bai yi masa ba, sai ya miƙa aikin ga Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama wanda ba ya ƙaunar babur ko kaɗan: sarƙa na ɓata tufafi, faci wahala, hawa sai an ɗaga ƙafa.

A gaban Vespa 98 ta 1946, mai fitila a kan madigadin gaba, na fi daɗewa. Mutumin nan ya kawar da sarƙa, ya ɓoye injin a gefe cikin murfi, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu, ya mai da giya hannun hagu, ya riƙe tayar gaba ta ɓangare ɗaya kamar ta jirgin sama don a kwance ta cikin sauƙi, tsakiya kuma ya bar ta fili. Sai a lokacin na gane abin da ya sa malaman makaranta da ma'aikatan En'e irin su Baba suka rungume ta. Ita ce abin hawan da mutum zai hau da farar babbar riga ya je ɗaurin aure ya dawo babu ɗigon baƙin mai. Shi D'Ascanio siket da kwat yake tunani, bai san Kano yake wa ɗinki ba. Sunan ma zanzaro yake nufi da Italiyanci, saboda siririn ƙugu da ƙugin injin. Ƙanwarta mai ƙafa uku ta 1948 kuwa Ape ce, ƙudan zuma, kuma jikokinta na cikin A Daidaita Sahun da ke cika mana tituna.

Akwai abubuwan ban mamaki: Siluro mai siffar kifi da ta yi gudun kilomita 171 a awa a 1951, da wadda sojojin Faransa suka ɗora wa igwa, da wadda mai zanen nan na Sifaniya, Salvador Dalí, ya sa wa hannu a 1962. Yaya ya ɓace a sashen baburan Gilera da Moto Guzzi yana leƙen injina. Ni kuwa na samu wata sa'ar ta Baba, na tsuguna ina kallon tabarmar roba inda nake tsayawa, ina tuna yadda yake karkata ta gefe kafin ya buga kik in ta kwana biyu ba a tayar ba, da ƙamshin hayaƙin fetur gauraye da baƙin mai.

Daga waje na kira babban wanmu a Kano. Na ce, “Yaya Babba, Bespar Baba tana nan kuwa?” Ya yi dariya ya juya mini kyamara zuwa soro. Ga ta a jingine, tayoyi sun sace, murfin gefe ɗaya babu, wata kaza ta yi ƙwai uku a daidai wurin tsayuwata. Na ce a samo buhu a rufe ta, kada a bar 'yan jari-bola su taya. Ya ce sai dai in kazar ta ƙyanƙyashe.

Da yamma muka koma Fulorans ta babban titi, cikin minti hamsin, da madubi ɗaya.