Hazon Ayetoro da gadojin da teku ya karya

Hazon da muka sani a Kaduna busasshe ne, ƙura ce zalla, ta cika maka hanci, ta shige cikin kyamara. Na bakin teku jiƙaƙƙe ne, ga gishiri. Kana goge gilashin kyamara yana sake yin gumi, ƙarfen jikinta kuwa sai tsatsa idan ba ka tsane shi da dare ba.

A Ayetoro na ga haka, garin masunta a ƙaramar hukumar Ilaje ta jihar Ondo. Daga Igbokoda ake shiga jirgin ruwa. Wata ƙungiyar Kiristoci ce ta kafa garin a 1947, suka gina gidaje a kan turaku saboda ƙasar laka ce, hanyoyinsu ma na katako ne. Yau teku ya cinye babban yanki na garin. Duk sanda igiyar ruwa ta taso da ƙarfi sai ta tafi da wani abu, gida ko makaranta ko gadar da kwale-kwale ke tsayawa a sauke kifi.

Da asuba turakun da suka saura kan fito baƙi ƙirin cikin farin hazo. Kyamara ba ta son irin wannan. Takan ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, hoton ya fito toka-toka, don haka nakan ƙara haske mataki ɗaya. Saitin kai-tsaye mai sa hoto ya fito tangaran ma ruɗewa yake yi tun da babu abin da zai kama, dole ka saita da hannu.

Matsalar ita ce hotunan sun cika kyau. Na nuna wa wani abokina a Unguwar Rimi, ya ce, "Kai Malam, wannan ai na bangon falo ne." Wurin cin abincin mutane ne fa ya rushe, hazo ya lulluɓe tarkacen.

Hoton da na fi yarda da shi da rana tsaka na ɗauka, babu hazo, hasken ma bai yi daɗi ba. Wata mata ce ɗauke da kwandon kifi a ka, laka har gwiwa, tana ratsa inda a da katako ne shimfiɗe. Sai da na nemi izininta ta bakin mai jirginmu. Ta ce in yi sauri, wutar banda na jiranta.