Renon 'ya'yan mage da uwarsu ta mutu

Uwarsu ta ci ɓeran da aka sa wa guba, ta bar 'ya'ya huɗu ko ido ba su buɗe ba, ga hunturu ya kankama. Tausayi ya sa na yi gaggawa, na ɗura wa ƙaramar cikinsu madara alhali jikinta ya yi sanyi ƙalau. Ba ta kai asuba ba. Jaririyar magen da sanyi ya kama ba ta iya narkar da abinci, don haka ɗumi ake fara ba ta.

Har su kai mako uku zuwa huɗu ba sa iya riƙe zafin jikinsu. Na cika gora da ruwan zafi, na naɗe ta da tawul, na ajiye a gefe ɗaya na kwalin da suke ciki, yadda wadda zafi ya dama za ta iya jan ciki ta matsa.

Madarar shanu da ta gwangwani gudawa suke sa su, gudawa kuwa kwana ɗaya ta isa ta ƙarar da su. Akwai madarar gari ta 'ya'yan mage a shagunan maganin dabbobi. Duk awa 2 zuwa 3 ake ba su, har cikin dare, da sirinji mara allura, ɗigo-ɗigo. A kife ake riƙe jaririyar, kamar tana shan nonon uwa. In aka rigingine ta irin na jaririn mutum, huhu madarar take wucewa. Da ka ga farin kumfa a hanci, dakata. Bayan ta ƙoshi sai a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa ƙarƙashin wutsiya har ta yi fitsari, domin uwa da harshe take yi musu wannan.

Ido yana ruɗi, sikeli ba ya yi. Ana haifar su da nauyin wajen giram 100, kuma ya kamata su ƙara giram 10 zuwa 15 kullum. Ta biyun da na rasa, a mako na uku, sikelin ya faɗa mini nauyinta ya tsaya tun kwana biyu kafin ta daina tsotso, ni ne na ce a bari zuwa gobe. Dasashinta ya yi fari fat: ƙuma ce ta shanye mata jini. Da matsefi mai ƙananan haƙora ake cire ƙuma, kada a kusanto da fiya-fiya ko maganin ƙumar kare. Farasitamol ma, ƙwaya ɗaya tana kashe babbar mage, balle jaririya. Nauyi ya tsaya, a tafi wurin likitan dabbobi ranar.

Da na ɗauke gawarta, sauran biyun sun kwana suna kuka suna laluben kusurwar da take kwanciya. Na bar musu tawul ɗin, ban wanke ba.

A mako na huɗu suka fara lasar abinci mai laushi, suka koyi yin kashi da fitsari a kwanon rairayi da kansu. Rigakafin farko a mako na 8, na ciwon haukan kare a na 12. Muzurun cikinsu ya girma, amma har yau in zai yi barci sai ya kama bakin bargo yana tsotsa, yana murza shi da ƙafafun gaba.