Fita da 'yan sikawut kallon ƙwari a bakin kogin Kaduna

Yaron birni in ya ga ƙwaro, takalmi yake fara ɗagawa. Ba laifinsa ba ne, tun da ya tashi abin da ya gani ke nan a gida: kyankyaso a take shi, sauro a fesa masa magani. Shi ya sa duk ranar da za mu fita da ƙananan 'yan sikawut ɗinmu zuwa Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, nakan kafa musu doka ɗaya tun a mota: ba kisa, ba kamawa da hannu. Kowane rukuni da kwalba mai murfi, da gilashin ƙara girma, da littafi da fensir.

Aikin farko ƙirga ƙafafu ne. Na lura dogon bayani a ƙarƙashin bishiya ba ya zama a kan yaro ɗan shekara goma, amma ka ce masa ya ƙirga, sai ya durƙusa ya manta da kai. Fara shida, tururuwa shida, buzuzu shida. Sai wani ya kawo gizo-gizo ya ce, "Malam, wannan takwas ne!" Daga nan gardama ta tashi, su da kansu za su gano cewa gizo-gizo da kunama dangi ɗaya ne, ba sa cikin masu ƙafa shida da jiki kashi uku, kai da ƙirji da ciki. Gani ya kori ji.

Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce: me yake ci, wa kuma ke cinsa? A kanta ake ɗaukar lokaci. Gidan laka da zanzaro ke maƙalawa a bango, yara sun saba farfasa shi, ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Uwar takan harbi tsutsa ta sandare ba ta mutu ba, ta cusa ta a ɗakin lakar, ta saka ƙwai, ta liƙe. In ɗanta ya ƙyanƙyashe, abincinsa na nan bai ruɓe ba. Yaran da iyayensu ke noman rani su ne ke saurin kama zancen, domin sun san ɓarnar tsutsa. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, kuma a shekarar ce tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya daga nahiyar Amurka. Yaron da ya ga ƙoƙi-ƙoƙi riƙe da fara da idonsa, da wuya ya sake cewa duk ƙwaro maƙiyi ne.

Wani abin kuma, yaran ba fanko suke zuwa ba. Wanda ke hutu a ƙauye ya san shinge na fitowa bayan ruwan farkon damina, ya san yadda ake tara su a gindin fitila da kwanon ruwa. Abin da bai sani ba shi ne shingen nan gara ce mai fukafukai da ta baro suri don kafa sabon gida. Nawa aikin in haɗa masa biyun. Su kuwa na cikin gari, farar da suka sani ita ce soyayya da yaji a leda.

Akwai wanda ba ma fatan samu a kwalba, ƙudan tsando mai yaɗa cutar barci ga mutane da sammore ga dabbobi, amma sai na ba da labarinsa, don Kaduna na da tarihi da shi. A garin nan hedikwatar cibiyar binciken cutar barci da sammore take, wadda aka kafa a 1947 don ƙasashen Afirka ta Yamma. Abin da ke ba yara mamaki shi ne macen ba ta zuba ƙwai kamar sauro, tsutsa ɗaya take haifa a lokaci guda.

Sauro dai ba sai an je nesa ba. A tsohuwar taya ko gwangwanin da ruwan sama ya kwanta muke ɗibar 'ya'yansa suna wutsil-wutsil. Macen ce kaɗai ke shan jini, don ƙwanta, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan ya zama sauro mai tashi. Wannan kwalbar ce kawai ba ma sakin abin da ke ciki, a kan busasshiyar ƙasa ake juye ta.

Iyaye kan tambayi batun harbi, kuma suna da gaskiya. Kafin fita nakan binciki ko akwai yaron da harbin zuma ko rina ke kumbura wa jiki, kowa ya sa rufaffen takalmi, kuma ba mai tura hannu rami ko ɗaga dutse sai da sanda. Akwatin agajin gaggawa yana hannun babba, ba na yaro ba.