Ni da Kawu da buhun shinkafa a titin Haɗeja

Shekara 6 na yi ina acaɓa a cikin Kano ban san cewa akwai wani adadin nauyi da aka ƙayyade wa babur ɗina ba. Ba wai na sani na take ba, a'a, ko labarin ban taɓa ji ba. A wurinmu awon ɗaya ne: ka sa giya, ka saki kuloci, in ya tashi to ya iya. In ya mutu ka sake ba shi wuta ka ƙara totur. Wanda ya fi kowa iya ɗora kaya shi ake cewa gwani, kuma ni ma a lokacin ina cikin masu jin daɗin wannan kirari.

Abin ya faru ne a azumin 2011, wanda ya faɗo cikin watan Agusta, damina ta kankama. Saura kwana 3 sallah Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya shigo daga Gezawa sayayya. Ya kira ni ya ce in same shi a kasuwar Singa. Duk wanda ya san Singa ana gobe ko jibi sallah ya san yadda take: manyan motoci sun tare hanya, 'yan dako na ta "hanya, hanya", masu kura na turawa cikin caɓi, kowa bakinsa a bushe. Na same shi tsaye a gaban wani shago da kayansa a ƙasa. Buhun shinkafa mai kilo 50, jarkar man gyaɗa mai lita 25, da wata jakar Gana-mas-go da ya cika da atamfa da shadda da kayan yara daga Kantin Kwari. Tashar Yankaba zan kai shi ya hau motar gida.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, da na kalli kayan gabana ya ɗan faɗi. Na ce, "Kawu, ko mu tsayar da Adaidaita ta ɗauke ku da kayan, ni in biyo ku a baya?"

Ya dube ni sheƙeƙe. "Haba ɗan nan. Ina da ɗa mai mashin sannan in ɗauki kuɗina in ba wani? Ɗazun nan na ga yaro bai kai ka ba ya ɗauko mutum da tumaki 2."

Shi ke nan bakina ya mutu. Yaya za ka yi musu da ɗan'uwan mahaifiyarka a tsakiyar kasuwa, kana azumi yana azumi? Ga kunya, ga kuma ɗan girman kai, kada a ce yaron da bai kai ni ba ya fi ni iyawa.

Ga yadda na yi lodin, don a nan rabin ɓarnar take. Jakar na kwantar a kan tanki. Tunda Kawu zai zauna a sit, buhun sai na tura shi can ƙarshen kariya, har kusan rabinsa ya leƙa waje bayan fitila. Jarkar kuma na ɗora ta a saman buhun na zagaye su da roba, irin wadda muke yankowa daga tsohon tif. Kawu ya hau ya matse ni, na koma zaune rabi a sit rabi a kan jaka.

Tun kafin mu fita daga kasuwar mashin ɗin ya gaya mini duk abin da ya kamata in ji. Bayansa ya zauna ƙasa. Kansa ya yi sakayau a hannuna, sai ka ce faranti na riƙe. Jakar ta hana ni karya kan sosai in zan yi kwana. Duk ramin da muka faɗa sai in ji "ƙurrr", taya na gogar madigadi. Na ji duk wannan, amma da na ga muna tafiya sai na ce ai ya ɗauka. Muka bi ta Bata, muka hau titin Murtala Muhammad, muka miƙe zuwa titin Haɗeja, har na fara sakin jiki ina ƙara wuta.

An yi yayyafi an ɗauke, kwalta ta yi santsi, ga la'asar ta yi kowa na sauri. Wata Adaidaita da ke gabana ta hango fasinja ta ci birki ba sigina ba komai, kamar yadda suka saba. Tazarar da ke tsakaninmu, da ni kaɗai ne, ko da ni da fasinja ba kaya, da na tsaya har da saura. Na taka na ƙafa, na damƙe na hannu, amma mashin ɗin ya ci gaba da tafiya kamar wasu ƙarti na tura shi ta baya. Da na ga zan daki Adaidaitar sai na kauce dama. Tayar gaba ta bi, amma jarkar da ke can sama ta yi rinjaye, ta ja buhun, buhun ya ja mu gaba ɗaya. Sai ga mu a ƙasa.

Jarkar ta fashe, man gyaɗa ya malale titi har sai da masu shagunan wurin suka ɗebo yashi suka zuba. Salansa ta kwanta a kan ƙaurin Kawu ta ƙone shi, hannun da ya dafa ƙasa da shi kuma ya karye a tsintsiya. Ni gwiwa da gwiwar hannu kawai na ɗaye. Mutane suka taru ana ta salati da sannu, aka ɗaga mashin. Abin da Kawu ya fara tambaya, hannu na reto, shi ne, "Man ya zube duka?" A asibiti muka sha ruwa ranar, da ruwan leda da dabinon da wani mai jinya ya miƙo mana.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara. Amma ni na ɗaure robar nan da hannuna, na kuma san abin da na ji a kan mashin ɗin tun daga bakin Singa.

Bayan sallah na tura mashin ɗin wurin wani dattijon bakanike a Fagge wanda nake kira Baba. Ya ɗora shi a jak ya juya tayar baya a hankali yana ƙwanƙwasa sifok da sifana. Guda 5 sun tsinke, kuma ya nuna mini cewa 3 daga ciki bakinsu ya riga ya yi tsatsa, ke nan sun daɗe da tsinkewa ina yawo a kansu. Rim ya ɗan karkace. Shokazoba ɗaya na yoyon mai. Kariya ta tsage a wurin walda.

Ya ce, "Wannan ba aikin faɗuwa ɗaya ba ne. Ka daɗe kana zaluntarsa."

Na ce, "Baba, ai yana ja."

Ya ce, "Ja daban, tsayawa daban. Jaki ya fi mashin wayo, in ka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa sai ya durƙushe ya ƙi tashi. Shi wannan ba ya ƙi. Zai tashi da kai, sai wurin birki ya ba ka amsa. Ina littafin da ya zo da shi?"

Littafin yana gida cikin ledarsa tun ranar da aka haɗa mini mashin ɗin, ban taɓa buɗewa ba. Ƙanena da ke makaranta ya karanta mini. Nawa ƙaramin mashin ne mai cc 125, kuma abin da aka rubuta masa kilo 150 ne. Abin da ya fi girgiza ni shi ne wannan 150 ɗin ba na kaya kaɗai ba ne. Har da direba, har da wanda aka goya, har da duk wani ƙarfe da ka ƙara wa mashin ɗin. Ni da a tunanina kaya ne kawai nauyi, mutum ai mutum ne.

Na je wurin 'yan gwangwan na hau sikelinsu suna mini dariya wai nawa zan sayar da kilo. Na tashi 62. Kawu an auna shi a asibiti, 80. Mu biyu kawai 142, ke nan abin da ya rage mana na kaya kilo 8 ne. Mu kuwa muka ɗora shinkafa 50, jarkar mai wajen 23 tunda man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, jaka kamar 15. Jimla 230. Mun zarce da kilo 80, wato kamar mun ɗauki wani Kawun na biyu.

Ƙanen nawa ya kuma nuna mini wani rubutu a gefen tayar baya wanda na sha gani a wurin mai faci ban taɓa tambaya ba: 3.00-18 sannan 47P. Wannan 47 ɗin lambar nauyi ce, tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 175 in iskarta ta cika yadda ya kamata. Kuma a cikin 175 ɗin akwai rabon da tayar ke ɗauka na nauyin mashin ɗin kansa. To ka duba, kusan duk lodinmu na ranar a kanta ya tare.

Abin da na fi daɗewa ina juyawa a raina shi ne inda kayan ya zauna. Ka taɓa zama a ƙarshen benci ɗayan ƙarshen ya ɗaga? Haka mashin yake. Duk abin da ka ɗora a bayan tsakiyar tayar baya, ɗaga gaba yake yi. Tayar gaba kuwa ita ke juya ka, ita ce kuma ke riƙe kaso mai yawa na birki. In ta yi sakayau ba ta kama kwalta, musamman jiƙaƙƙiya. Sannan duk abin da ka ɗora sama, shi zai rinjaye ka a kwana. Masu jakin yashi sun riga mu gane wannan: mangala gefe biyu take sauka, daidai wa daida, kusa da cikin jaki, ba a tula ta kan gindinsa. Da a ce buhun nan a kan sit yake dab da bayana, jarkar kuma ba ta kansa, ko da nauyin ya yi yawa ba zai kayar da ni cikin sauƙi haka ba. Sai dai in buhu ya hau sit, Kawu ba shi da wurin zama, kuma amsar ke nan da na ƙi karɓa a Singa.

Daga nan na canza 'yan abubuwa. Iskar taya na daina aunawa da yatsa ko da shuri, sai da geji, kuma da safe kafin taya ta yi zafi. A jikin murfin sarƙar nawa akwai takarda manne da ta faɗi iskar mutum ɗaya da ta mai goyo, ta bayan ana ƙara mata kaɗan in za a yi goyo. Shokazobar baya tana da matakai 5 da ake murɗawa, ni kuwa shekara da shekaru tana kan na farko, mafi laushi. In zan ɗauki nauyi sai in ƙara mata, gefe biyun a mataki ɗaya. Roba na daina yarda da ita ita kaɗai, don tana miƙewa kaya ya yi lilo. Igiya nake fara ɗaurewa da ita tamau, roba ta biyo baya, in kuma duba kada wani bakin igiya ya sauko kusa da sarƙa ko sifok. Jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya sharri, domin abin da ke ciki yana kai-komo yana fizgar ka. Wanda na goya kuma ina gaya masa tun kafin mu tashi: ƙafa a kan mataki, ka matso kusa da ni, in na kwanta a kwana ka bi ni kada ka miƙe, kada ka sauka sai na ce. Da nauyi a bayana nakan ninka tazarar da nake bari, in fara rage giya tun daga nesa.

A watan Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Abokaina da yawa suka koma Adaidaita, wasu suka bar garin. Ni sai na koma ɗaukar kaya zalla, daga Kwari da Singa zuwa tashoshi da shagunan unguwa. Goyo yanzu sai in na je ƙauye. Lissafin bai canza ba: in na cire nauyina, abin da ya rage bai kai buhu 2 ba, don haka buhu ɗaya nake ɗauka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na rasa kwastomomi a kan haka. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Kai mashin ɗinka na gwal ne?" ya kira wani yaro ya ɗora masa buhu 3. Ban ga laifin yaron sosai ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sawu biyu na nufin mai ninki biyu, kuma mai kaya ba zai ƙara maka ko sisi ba. Amma ni na taɓa biyan kuɗin jarkar mai, da na asibiti, da rim, da shokazoba, da mako 2 ban fita aiki ba, duk don kada a biya kuɗin Adaidaita daga Singa zuwa Yankaba.

Hannun Kawu ya ɗoru, sai dai har yau in hunturu ya shigo yana masa tsami. Bara ma ya shigo sayayyar sallah, ya kira ni Singa kamar kullum. Ban tsaya shawara da shi ba, na tare Adaidaita na biya. Ya shiga ya sa jarkar man a tsakanin ƙafafunsa, ya rungume jakarsa. Buhun na kwantar a kan sit dab da bayana na ɗaure. Har direban ya tayar, sai Kawu ya leƙo da kai ya ce, "Ɗan nan, ja igiyar nan in gani."