Daga Kabul zuwa Jalalabad

Bayan sallar asuba muka bar Kabul, babban birnin Afghanistan, ni da wani direba ɗan ƙabilar Pashtun da ya taɓa zama a Jidda, don haka Larabci ne ya haɗa mu. Tafiyar ba ta wuce kilomita 150 ba, amma a mashigin Mahipar hanya kwana ce kan kwana, gefe guda dutse, gefe guda rami, kogin Kabul na ruri can ƙasa. Bakina bai rabu da addu'a ba.

Kusa da Sarobi ya nuna mini madatsar ruwan Naghlu. "Shurawi ne suka gina ta, Malam," in ji shi, haka suke kiran Tarayyar Sobiyet. "Su ne kuma suka dawo mana da tankokin yaƙi a 1979." Sai a watan Fabrairun 1989 suka fita, suka bar ƙasa cike da nakiya. A nan na koyi karatun duwatsu: wanda aka shafa wa fari an share wurin, wanda aka shafa wa ja kada ka kuskura ka taka.

Na roƙe shi muka ratse zuwa ƙauyen Gandamak. A watan Janairun 1842 rundunar Ingila ta fito daga Kabul cikin dusar ƙanƙara, sojoji wajen 4,500 da masu yi musu hidima kusan 12,000, akasarinsu 'yan Indiya, har da mata da yara. Mayaƙan tsaunuka suka yi ta ɗauke su a mashigai, ranar 13 ga wata aka gama da ragowar sojojin a kan wani tudu a nan. Kowa ya san sunan Brydon, likitan rundunar da ya tsira ya kai Jalalabad a kan doki. Masu hidimar nan da sanyi ya daskarar fa? Ba wanda ke tuna sunan ko ɗaya, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Na tambayi direban batun Amurkawa, waɗanda suka shigo a 2001 suka fice a 2021. Ya girgiza kai kawai.

Kafin mu shiga Jalalabad ya tsayar da mota a wata makabarta, tutoci kore na kaɗawa a kan dogayen sanduna. Yayansa na nan kwance. Nakiya ya taka yana kiwon awaki, shekara huɗu bayan tafiyar Shurawi. Muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a, shi kuma ya durƙusa ya gyara wani dutse da ya goce daga kan kabarin.